Bargon Tebello

Malineo tana da wani jerin bayani a wayarta da take tura wa duk baƙon da zai hau dutse zuwa ƙauyensu yawon buɗe ido: ka zo da kayan sanyi ko da rani ne, takalmi rufaffe, tocila, maganin ciki, kada ka wuce mutum ba gaisuwa, in ka iso ka fara zuwa wurin mai gari. Shi ta tura wa Nthati, jikar maƙwabciyarta, don yarinyar da kanta ta tambaya me za ta zo da shi.

Wannan tambaya ta tsaya wa tsohuwa Matebello a rai. Jikarta ce fa, 'yar ɗanta Tebello, tana tambaya kamar wata baturiya.

Shekara ashirin da shida ke nan da Tebello ya sauka daga Lesotho zuwa mahaƙar zinari a ƙetaren iyaka. Ya yi aure can, wasiƙa ta ragu, ta zo ta yanke. Bara aka aiko cewa ya rasu. Tsohuwa ta yi kukanta ta gama, amma abu ɗaya ya ƙi barinta: ko yaron nan ya taɓa ambaton gida a gaban 'yarsa, ko kuwa ya shafe uwarsa da ƙauyen gaba ɗaya? Abin da take son sani ke nan kafin ta bi shi.

"Har da maganin ciki kika rubuta mata?" ta ce wa Malineo. "Tuwona ne zai kashe ta?"

"Haba Iya, kowa haka nake rubuta masa. Wancan dogon bature ba kwana biyu ya yi yana zarya bayan gari ba?"

"Wannan ai haɗamarsa ce."

Ran Laraba da hantsi aka hango doki yana hawowa, yarinya ta rungume wuyansa tamau. Ta sauko, ta gaishe su da Turanci. Harshensu na Sesotho kam ko kalma biyar ba ta haɗa ba, sai Malineo ta zama tafinta. Matebello ta kalli goshin, na Tebello ne sak, amma zuciyarta ta yi nauyi. Aka kai ta wurin mai gari, aka dawo, aka ci tuwon masara da ganye, duk kamar ana karɓar baƙuwa 'yar yawon buɗe ido.

Da la'asar iska ta taso daga kan duwatsu masu ƙanƙara. Matebello ta miƙe za ta ɗauko mata bargo, yarinyar ta ce a bari, tana da nata. Ta zaro wani tsohon bargo daga jaka, ta yafa, zanen layukansa a tsaye yadda ake yi, ta kawo ƙaton fil ta maƙale a kafaɗar dama.

Malineo ta fashe da dariya har da riƙe ciki. "Iya, ashe namiji aka haifa miki! Ke 'yar nan, mata a ƙirji suke maƙalawa. Saura ki ɗauki sanda ki bi tumaki."

Tsohuwa ba ta yi dariya ba. Idonta na kan gefen bargon, inda aka yi faci da jan zare. Ita ta ɗinke wurin da hannunta, ana gobe Tebello zai tafi.

"Tambaye ta wa ya koya mata."

Malineo ta tambaya, ta saurara, dariyar ta ɗauke. "Ta ce babanta. Wai duk safiyar sanyi shi yake yafa mata kafin makaranta. Yana cewa layi a tsaye, in ba haka ba Kakarki za ta ce ba za ki yi tsawo ba. Wai kullum sai ya faɗa."

Matebello ta matso, ta zare fil ɗin, ta haɗa bakin bargon a ƙirjin yarinyar. Nan ta ga ramukan da fil ya yi a kafaɗar, sun kai ɗari, wurin har ya lashe. Ta daɗe tana shafa su da yatsa, hawaye na zuba ba ta share ba.

Sai ta mayar da fil ɗin kafaɗar dama, ta danna shi da kyau.

"Iya, ai za a yi mata dariya a rijiya."

"Su yi," in ji tsohuwa. "Nan ɗana ya sa shi."