Rabin Galan

Tela ne ya fara lura matarsa ta sauya, domin shi yake buɗa mata riguna. Siririya yake ce mata tun yana zuwa zance, sai ga fuska ta yi fam, ƙeya ta yi tozo, ƙafafu kuwa sai ƙara tsukewa suke. Dangi suka samu abin tsiya, wai lallai Tela ya iya kiwo.

Likita dai bai yi dariya ba. Ya ce akwai 'yan ƙullutai a saman ƙoda masu zuba sinadari cikin jini, in suka wuce gona da iri, fitsari ne ke tona musu asiri. Ya ba ta galan, ya ce ta tara na yini da kwana, ko ɗigo kada ya zube, a ajiye a firji.

Ta bi umarni sau da ƙafa. Da safe tana wanka sai yayan Tela ya yi sallama, mutumin da ba ya shiga gida bai buɗe firji ba. Kunya ta kama Tela. Ya fizgo galan zai tura bayan keken ɗinki, ashe murfin bai ɗauru ba, rabi ya malale cikin ƙyallaye. Da baƙo ya tafi, ya cika galan ɗin da ruwan famfo daidai inda fitsarin yake a da. Ai ruwa ba ya ɓata komai, in ji shi.

Sakamako ya fito lafiya ƙalau. Likita ya ce abin da mamaki, amma ta rage ci, ta riƙa motsa jiki.

Tun daga ranar abinci ya daina yi wa Tela daɗi. Yana kallo ta koma zuba nata a farantin yara, ta riƙa zagaya layi har ƙafa ta gaza, ta zauna a bakin kwata tana haki. Kumburi kuwa ko gezau. Sau nawa ya buɗe baki zai faɗa, tsoron idonta ya rufe shi.

Rannan ya durƙusa yana auna ta, allurai a bakinsa, ta dafa masa kafaɗa.

"Maigida, ka yafe mini. Na sa ka zirga-zirgar asibiti a banza, ashe haɗamata ce. Su Yaya sun fi ni gaskiya."

Ya tofar da alluran a tafin hannu, ya zura takalmi ya fita. Kafin azahar ya dawo da sabon galan, ya kwashe kwalaben ruwa daga firji ya ba shi wuri.

"Me kuma na yi?" ta tambaya.

"Ba ki yi komai ba, Siririya. Zuba abinci a babban faranti ki ci tukuna, don in na faɗa miki ba lallai ki so ganin fuskata ba."