Igiyar Kalilu

Mahaifinmu, Malam Na'Allah, yana da wani tsohon littafin ɗibbu da ya gada, kuma da shi ya raba mu kamar ana rabon fura. In ji littafin, ɗan Adam ɗabi'a huɗu ce ke gare shi: wuta, ƙasa, ruwa da iska. Mu ma huɗu ne, sai abin ya zo wa Baba daidai. Wada mai saurin fushi ya zama wuta. Jibrilla, wanda sai ya wuni bai ce uffan ba, ƙasa. Ni Fatu aka ce ruwa ce, wai don sanyin hali, ko da yake wanda ya zauna da ni ya san ruwan nan yana tafasa. Kalilu kuwa iska.

Duk garinmu Tsamaye ba mai kiransa Kalilu sai ni da Inna. Iska ake ce masa har ya yi gemu. A aike shi ɗebo wuta, sai a tsince shi yana kallon masaƙi. Ya fara shinge ya bari, ya ɗauki fartanya ya manta ta a kan kunya. Ba ƙiwuya ba ce, don ya fi kowa tashi da wuri, kuma ba ya musu. Hankalinsa ne kawai ba ya zama, kome ya gifta sai ya tafi da shi. Jikata da ke aikin asibiti a Sakkwato ta ce yanzu likitoci sun san abin, har da suna da magani. Na ce mata an yi gudun gara an faɗa gidan zago in dai suna ne, don suna kam mun ba shi, shi ne ma ya cinye shi.

Shekarar fari ta saba'in da uku ta same mu rumbu wayam. Gulbi ya ƙafe, sanmu ɗaya ya mutu, Wada ya tafi cin rani kudu bai waiwayo ba. Irin da muka shuka, kawunmu na Kamarawa ne ya ba mu a ƙwarya, ya ce shi ke nan abin da ya rage masa. Aka samu yayyafi, muka shuka a gonarmu ta kwari, Allah Ya sa ya tsiro. Duk yankin ba kore sai wannan ɗan fili, ga shanu suna ta gangarowa daga arewa, haƙarƙari a waje. In geron nan ya tafi, babu na sake shukawa, kuma babu abin ci baɗi. Saboda haka Jibrilla ke wuni a gonar yana tsaro.

Rannan aka ce ana rabon dawar taimako a garin Isa, kuma sai mai ƙarfin kutsawa ke samu. Dole Jibrilla ya tafi. Baba ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya wuni a rana, ni kuma ina neman ruwa a ramukan gulbi. Kalilu ya durƙusa gaban Baba.

"Baba, ka ba ni tsaron ga. Ni ka yin shi."

"Kai? A ba iska ajiyar garin tuwo?"

Kalilu ya miƙe. Ya shiga zaure ya fito da igiyar kiri, ta fata, wadda muke ɗaure san nan da ya mutu da ita, ya ajiye ta gaban Baba.

"To ka ɗaure ni ga gawo. In ƙahwata ba ta tahi ba, ai ina nan."

Inna ta ce wannan wane irin wulaƙanci ne, ɗan mutum a turke kamar akuya. Amma fuskar Baba ta washe. Ya ce abin da littafi ya faɗa ke nan: kowace ɗabi'a da kishiyarta ake maganinta, iska zafi ce da danshi, ƙasa sanyi da bushewa, in an haɗa shi da ƙasa zai natsu. Ni dai raina bai so ba. Sai dai na ga yadda idon Kalilu ke ƙyalli, mutumin da tun da aka haife shi ba a taɓa damƙa masa kome ba, sai na ja bakina.

Da sassafe muka raka shi. Baba ya jiƙa kirin da ɗan ruwan alwalarsa don ya yi laushi, ya ɗaura masa a idon sawu, ya ƙulla ɗaya bakin a jikin gawon da ke tsakiyar gona. Ya karɓe wuƙarsa, don kada ya shagala da sassaƙa. Na tara masa duwatsu, na ba shi majajjawa da goran ruwa. Gawo kuwa, kowa ya sani, da damina yake zubar da ganye, ko inuwar kirki babu.

Abin da ya faru bayan tafiyarmu, daga bakinsa na ji daga baya. Ya ce da hantsi zaman ya ishe shi har yana jin kamar tururuwa na bin jikinsa. Sai ga ƙadangare a kan suri. Ya jefe shi da dutse ɗaya, ya kuskure, ya ƙara. Bai farga ba sai da ya laluba ya ji ƙasa. Duwatsun duk suna can gindin suri, inda igiya ba ta kai.

Bayan azahar shanun suka ɓullo ta gabas, ba makiyayi tare da su, wataƙila yunwa ta kayar da shi a baya. Kalilu ya yi ihu, ya jefa takalmansa, ya jefa goran. Saniyar da ta yi wata ba ta ga ɗanye ba, ina ruwanta da ihu. Ya ruga, igiya ta fizgo shi ya faɗi. Ya koma kan ƙullin, ashe kirin ya bushe a rana ya ƙanƙance, ya zama kamar ƙarfe. Ya sa farce, ya sa haƙori. Da ƙafarsa a sake take, da sanda ɗaya ya kore su, don duk garin ba wanda ya kai shi gudu.

Da la'asar na kamo hannun Baba muka nufi gona da ɗan kunu a ƙoƙo. Tun daga nesa na ga babu koren. Fili ya koma jar ƙasa da sawun kofato, sai wata 'yar da'ira kewaye da gawo, iyakar inda igiya ta kai, nan ne kawai gero ke tsaye. Ya tsare wannan, ko ganye ɗaya ba a taɓa ba.

Yana zaune a tsakiya. Idon sawunsa ya yage har ana ganin fari, bakinsa duk jini, muryarsa ta dushe. Na saki ƙoƙon na fashe da kuka. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, kuma har yau ban san wa zan ba laifi ba.

Baba ya tsaya yana duban gonar, ya daɗe. Na jira ya ce Iska, kamar kullum. Bai ce ba. Ya durƙusa a kan kumburarrun ƙafafunsa ya kama ƙullin da ya yi da hannunsa, ya ja, ya murɗa, ƙulli ya ƙi. Sai ya laluba aljihu ya ciro wuƙar Kalilu.

Kalilu ya ɗago kai ya dube shi, ya yi magana da ɗan abin da ya rage na muryarsa.

"Baba, ka gani ko? Ban tahi ko'ina ba. Ina nan inda kab bar ni."