Burodin Mas'ud

Duk shekara in Idin Ƙetarewa ya gabato, ƙungiyar matasan majami'armu a Ashdod kan raba mu gidajen tsofaffi mu taya su shara. Burodi muke farauta, da duk abin da aka sa wa yisti, don ko ɓurɓushinsa bai halatta ya kwana a gidan Bayahude ba a kwanakin idin. Bana da Elyashib aka haɗa ni, kuma ban ji daɗi ba. Yaron kirki ne, amma in ya kama doka ko da sanda ba ka raba shi da ita.

Gidan Kaka Zohara aka tura mu. Mijinta Mas'ud ya rasu a lokacin sanyin da ya wuce, mai gasa burodi ne, rabin unguwarmu da burodinsa muka girma.

Muka kakkaɓe kujeru, muka zazzage aljihunan riguna. Elyashib har da tsohon buroshin haƙori yake bin lungunan murhu.

"Kai ɗan nan, shara ka zo yi ko tiyata?" in ji Kaka.

"Doka ce, Kaka."

"Na riga uwarka sanin doka."

Ni kuwa na buɗe firiza. Can ƙasa, bayan kifi, na ciro wani abu naɗe da tawul. Burodi ne kitsattse, da riɗi a kansa, ya daskare kamar dutse.

"Tehila, a hankali," ta ce, wasan ya bar muryarta. "Shi ne na ƙarshe da ya gasa. Da safiyar Juma'a ya fitar da shi daga tanda, kafin rana ta faɗi muna asibiti."

Duk mun san abin da ke jiran burodin: gobe da safe ake ƙona abin da ya rage. Na harari Elyashib, ina jiran ya buɗe baki in ci masa mutunci. Sai ya ba ni kunya.

"Akwai hanya, Kaka," ya ce a hankali. "Rabbi, malamin majami'armu, kan sayar wa wanda ba Bayahude ba da burodin jama'a, a rufe shi inda yake, bayan idi ya dawo naki. Ba sai ya bar gidan ba."

"In sayar da Mas'ud? Ko na mako guda ba zai zama na wani ba."

"To ki mayar da shi bayan kifin," na ce, raina a ɓace. "Wa zai sani?"

"Ke 'yar nan, Allah ba ya buɗe firiza ne?"

Babu wanda ya yi dariya. Ta ɗora burodin a cinya, tana shafa kitson da babban yatsa har sanyin ya sa hannunta ya yi ja. Tausayinta ya kama ni, na kuma ji haushin dokar, abin da ban taɓa ji ba.

Can ta ce, "Elyashib, kunna tanda. Ku wanke hannu."

Da ya yi ɗumi, ƙanshin ya cika ɗakin, irin wanda muke ji a bakin shagonsa in za mu makaranta. Ta sa albarka, ta gutsura mana, ta ɗauki nata. Gaskiya ya bushe, har da ɗan ƙarnin kifi, amma muka cinye.

"Gishirin ya yi yawa," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Tun muna amarya da ango nake gaya masa."

Elyashib ya tashi ya ɗauko tsumma zai goge teburin, sai ya tsaya cak. Kaka ta lashi ɗan yatsanta tana tsintar ɓurɓushin da ƙwayoyin riɗin ɗaya bayan ɗaya tana kaiwa baki. Ya koma ya zauna, tsumman a hannunsa, muka jira ta gama.