Abin da Leɓen Orval Ya Faɗa

"Layin gaba za mu zauna," in ji Hester, tana jan hannun yayarta Myrtle daga zafin ranar Los Angeles zuwa duhun gidan majigi.

Zazzaɓi ya kurmantar da Myrtle tun tana yarinya, amma duk leɓen da ya motsa a gabanta sai ta karance shi. Shi ya sa Hester ta kawo ta. Mijin Hester, Orval, ɗan wasan barkwanci ne, kuma kwanan nan ya canza. Ya koma kwana kan kujera, in ta taɓa shi sai ya zame, ko riga ba ya cirewa a gabanta. Ga shi a sabon fim ɗinsu wata 'yar wasa Lavinia ta rungume shi, ya daɗe yana mata magana. Fim na zamanin ba murya, 'yan wasa kan faɗi abin da suka ga dama.

Hester ta juyo da fuskar yayarta. "In soyayya ce, yau zan haɗa kayana."

"Ke da zargi! Wa zai so mai ƙafar kwaɗon nan?" in ji Myrtle da ƙarfi, don ba ta jin muryar kanta.

Mai piyano ya kama kiɗa. Ga Orval cikin kayan ɗan sanda, kare ya koro shi, ya haye tsani, ya rikito ta baya. Ɗakin ya kece da dariya. Lavinia ta rungumo shi.

Myrtle ta ƙura ido. "Ya ce, 'Riƙe ni, kar ki saki.'"

"Na sani! Munafuki!"

"Ya ce, 'Haƙarƙarina ya karye. Yi dariya, kar mai fim ya gane ya kore ni.'" Muryarta ta yi ƙasa. "Ita kuma ta ce masa, 'Je ka asibiti.' Ya ce, 'Kar dai Hester ta ji, za ta hana ni aiki.'"

A jikin allo Orval ya miƙe yana murmushi, aka kwaɗa masa faranti a ka, ya sake zubewa. Wani a baya har yana buga ƙafa don daɗi.

Hester ta tuna abin da ya faɗa mata da safe yana ɗaura takalmi a hankali. Ta miƙe tsaye.

"Malama, kin tare mana!" in ji wani daga baya.

Ta sunkuya inda hasken allo zai haska bakinta.

"Tashi, Yaya. Mu je mu hana shi, ya ce yau a wajen ɗaukar fim daga kan rufin gida zai faɗo."