Muryar Vernon Kubicek

Gidan rediyonmu ɗaki uku ne a saman shagon irin masara. Orval Hruska, mai shagon, shi ya kafa shi a 1958 a kan matsakaicin zango, don manoman da ba sa iya barin gona su ji yadda 'ya'yansu ke wasa. A duk gabashin Nebraska ba mu da wani abin alfahari sai ƙwallon kwandon makarantar sakandarenmu. Ni ne mai kula da na'urori, kuma shekara talatin na yi a gefen Vernon Kubicek, mai sharhin wasanni, ina riƙe masa waya.

Vernon bai taɓa iya sharhi a zaune ba. Tsaye yake yi, yana kai-komo gwargwadon tsawon wayar makirufo. Ya san kowane ɗan wasa, ya san ubansa, ya san wasan da uban ya ɓarar. A shekararsa ta arba'in da uku a bakin aiki likita ya ga ciwon daji a maƙogwaronsa. Aka yi aiki, ya tashi, amma muryar ta koma raɗa mai kaushi.

Aka ba Jolene Ruzicka, wadda a da ita ke karanta farashin hatsi da safe, aikinsa. Ta iya aikin, sai dai Vernon ya kasa zaman gida. Matarsa Darlene ta ce mini ya gyara ƙofar gareji sau uku alhali lafiyarta lau. Kullum da hantsi sai ga shi a tasha da kolaci, wani burodi mai zaƙi, a takarda, ya leƙa nan ya leƙa can, ya taɓa na'urata ya murɗa abin da bai sani ba. Ranar wasa kuwa ya tsaya bayan Jolene yana tura mata guntayen takardu, wai ta faɗi sunan wane ba daidai ba, wai ta manta kakan yaron nan ya buga a 1966.

Ran nan da aka tafi hutun rabin lokaci ta cire abin sauraren da ke kunnenta ta juyo.

"Mista Kubicek, ko dai ka karɓa ka yi, ko ka bar ni in yi."

Ya ɗauki hularsa ya fita, ya ƙarasa jin wasan a mota. Mako biyu ba mu gan shi ba, Jolene kuma ta rasa sukuni, tana ta tambayata ko ta yi masa rashin kunya. Na ce ta yi, amma da gaskiyarta.

Ita ce ta je gidansa da rakoda. Ta gaya masa tasha ta kusa cika shekara hamsin, ga shi Orval bai ajiye kaset ko ɗaya na shekarun farko ba, duk a kansu ya riƙa naɗar tallan taki. Waɗanda suka ji wasannin nan suna ta mutuwa. Ta roƙe shi ya bi su gona-gona ya ɗauko abin da suke tunawa.

Ya ce da wace muryar.

"Su za su yi maganar," in ji ta. "Kai riƙe musu rakodar kawai za ka yi."

Washegari ya kama hanya. Cikin bazara ɗaya ya kawo mini kaset sittin da bakwai, kuma kusan kowanne da raɗarsa a ciki yana musu da wani tsoho kan wanda ya jefa ƙwallon ƙarshe. Na ce zan yanke wuraren, Jolene ta hana. Haka muka watsa su duk Asabar da rana har shekara ta zagayo.

Vernon bai tsaya jin ko ɗaya ba. Ya ji labarin wani tsohon alƙalin wasa da ya koma Dakota ta Kudu, sai Darlene ta ɗaure masa abinci ya tafi nemansa.