Goran Innata a Cikin Gilashi

Zinnira jikata ce. Wata uku ke nan da ɗaukarta aikin gwaji a laburaren wata kwalejin kiɗa da aka buɗe a Gwarzo, kuma ita aka ɗora wa shirya baje kolin kayan kiɗan ƙasar nan. In abin ya yi kyau a tabbatar mata da aiki, in bai yi ba ta tattara ta dawo Getso.

Wata Asabar ta zo tana bincike ɗakunan dangi. Ina alwala ta zaro wani dogon gora daga ƙarƙashin gadona.

"Hajiya, wannan fa?"

"Na Innata ne."

"Me ake yi da shi?"

"Kaɗawa."

"Yaushe?"

"Da sassafe mana, kafin rana ta yi zafi."

Ta rubuta, ta tafi da shi. Ban kawo komai a raina ba.

Ranar buɗewa na tarar da laburaren a cike. Ga gurmi, ga kukuma, ga kalangu har uku, kowanne da ɗan katinsa. Can tsakiya, cikin akwatin gilashi, ga goranmu. Katin ya ce: "Goran Indo, makaɗiyar Getso. Ana kaɗa shi da sassafe."

Na cire tabarau, na goge, na mayar. Rubutun bai canja ba. Indo dai ita ce Innata, kuma ko guɗa ba ta iya ba.

Na jawo Zinnira gefe. "Ke 'yar nan, nono ake kaɗawa da shi. Man shanu ake fitarwa."

Bakinta ya buɗe, bai rufu ba. "Hajiya, ai cewa kika yi kaɗawa!"

"To ƙarya na yi?"

"Ki rufa min asiri don Allah. Shugaba har hoton goran ya sa a takardar gayyata."

Shugaban laburaren, Malam Dalhatu, yana tsaye gaban gilashin yana yi wa baƙi bayani. Wai bincike ya nuna daga irin wannan gora aka samo shantu. Wane bincike, a ina, ba wanda ya tambaya. Sai wani dattijo daga Kabo ya ɗaga sanda ya ce shi da kunnensa ya ji kiɗan Indo a bikin ƙanensa, har mata suka yi ta rawa.

Nan kaina ya fara juyawa. Dattijon bai yi kama da maƙaryaci ba. Ko wata Indon ce? Ko Inna tana zuwa Kabo ba mu sani ba? Shekara nawa na zauna da ita kafin a kai ni makarantar kwana?

"Ga ma 'yarta nan," in ji Malam Dalhatu. "Hajiya, a taimaka a ɗan kaɗa mana."

Zinnira ta sunkuyar da kai.

Na ce a kawo min kindirmo da ruwan sanyi. Suka kalli juna, amma aka aika bakin titi aka samo. Na zuba, na toshe bakin da tsumma, na zauna a ƙasa na ɗora goran a cinya, na fara turawa ina jawowa. Culum, culum. Hannuna bai manta ba. Sai na ji bakina yana jero sunayen shanunmu ɗaya bayan ɗaya, da irin jan muryar da Inna take yi, wanda ban taɓa kiransa waƙa ba. Wani malamin kwalejin ya ɗauki kalangu ya bi ni, kuma kiɗansa da nawa suka dace. Dattijon Kabo yana gyaɗa kai yana cewa, "Shi ne! Wallahi shi ne!"

Da na buɗe, ga mai ya taso fari sol.

Malam Dalhatu ya leƙa, ya daɗe yana leƙawa. "Hajiya, shi kuma wannan a cikin kiɗan yake?"

"Ni dai haka na gada."

Ya juya wurin Zinnira. "Ki ƙara a katin cewa ba ya tashi sai da nono. Litinin ki zo ofis da takardunki."

Ta rako ni har bakin mota. Sai da na zauna ta riƙe ƙofar ta ce, "Hajiya, wai makaɗiya ce ko ba makaɗiya ba ce?"

Na ce, "Je ki wanke goran tukuna, zai yi musu tsami a cikin littattafai."