Hamsin da Uku a Allon Mota

Malam Dalhatu na Gaya mutum ne da ba ya ganin maɓalli ya ƙyale shi. Rediyo uku ya kashe a gidansa da bincike, har matarsa Rabi ta koma ɓoye wayarta a cikin kwanon samira idan ta ji sallamarsa. To, irin wannan mutumin ne ɗansa Abdulbasit ya aiko wa mota daga Legas, 'yar Amurka, ta hannu ce amma tsaf take. Ba ta da allurar nan mai rawa da ke nuna gudu. Wani baƙin gilashi ne a bayan sitiyari, sai an tayar da ita ya kawo haske, lambobi su fito reras. Malam ba ya jin Turanci, amma lamba ai lamba ce, don haka kullum bayan ya tashi ɗalibansa na safe sai ya shige motar ya yi ta danne-danne.

A haka ya gano cewa allon yana auna tafiya. Ka mayar da shi sifili a inda ka tashi, in ka isa ya faɗa maka nisan da ka ci, har ya ajiye maka awon a wani shafi. Malam ya ji daɗin wannan ƙwarai, domin ya daɗe yana karantar da babin ƙasaru, wato rage salla mai raka'a huɗu zuwa biyu ga matafiyi. Littafi ya ce sai tafiya ta kai burudi huɗu, malaman zamani suka ce kusan kilomita tamanin ke nan. Yau ga ma'auni Allah ya kawo masa har gida.

Ba a jima ba aka yi rasuwa a wani ƙauye can bayan Kano. Malam ya biya ta Balan ya ɗauki amininsa Goni Zunnuraini da dattawa uku na garin. Goni Babarbare ne, mahaifinsa Goni Yusuf ya zo daga gabas ya zauna a Balan yana noma da fatauci da karantarwa, kuma wannan ƙauyen da za su, nan ne kasuwar fatauci ta marigayi Goni Yusuf. Shekara ashirin ke nan duk Alhamis Goni yana zuwa zauren Malam Dalhatu su yi bitar littafi, su sha shayi, su yi musu. Da suka wuce gidan ƙarshe na Balan, Malam ya danna sifili bai gaya wa kowa ba.

Sun isa bayan an yi azahar. Goni ya shige gaba ya ja su salla, ya yi raka'a biyu ya sallame. Malam Dalhatu ya miƙe ya cika huɗu. Da ya bar ta a nan da shi ke nan, amma abin yana cin sa.

"Goni, wa ya ce maka nan ta kai ƙasaru?"

"Mahaifina," in ji Goni. "Shekara arba'in yana bin hanyar nan, da ƙafa da jaki, kuma ƙasaru yake yi."

"Allah ya jiƙan Goni babba, amma awon ƙafa ya wuce. Ku zo ku gani."

Ya ja su har bakin mota, da dattawan Balan da 'yan zaman makoki, ya nuna musu allo. Hamsin da uku. Ina hamsin da uku, ina tamanin? Dattawan suka sake salla a bayan Malam Dalhatu. A hanyar dawowa Goni tagar mota kawai yake kallo. Alhamis ta zo bai zo ba, ta biyu ma haka, ta uku Rabi ta daina dafa shayin mutum biyu. Labari kuma ya iso Gaya cewa mutanen Balan sun fara tsallake Goni suna kai tambayoyinsu wani wuri. Malam ya ji ba daɗi, kewar abokinsa ta dame shi, amma ya ce ai gaskiya ya faɗa. Awon nan kuwa bai yarda ya goge shi ba, duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya gani.

Ran wata Asabar ya ɗauki 'yarsa Muhsina zai mayar da ita Ajingi, inda take aikin jinya. Suna tafe yana wuce babura da kekuna masu ƙafa uku kamar a tsaye suke.

"Baba, a rage gudu mana," in ji ta.

"Wane gudu? Sittin nake yi, duba ki gani. Mutanen nan ne ba sa tafiya."

Muhsina ta leƙa allon, ta kalli bishiyoyin da ke fyaucewa a gefen titi, ta sake leƙawa.

"Wannan ɗari da huɗun fa na mene ne?"

"Zafin gari ke nan," in ji Malam da alfahari. "Jiya har ɗari da shida ya kai."

"Baba, da zafin Gaya ya kai ɗari da shida ai da mun dahu. Don Allah tsaya a inuwar can in ga wani abu."

Abin nema ya samu. Malam ya gangara ƙarƙashin wata tsamiya, ita tana karanta Turancin, shi yana dannawa, don bai yarda wani ya taɓa masa maɓalli ba. Suka sauya launin allon daga ja zuwa kore. Suka ƙara girman lambar gudu. Suka tono wata alama mai nuna gabas da yamma, Malam ya yi ta juya sitiyari yana murna ya sami alƙibla a mota. Suka kawo agogo tsakiya saboda lokutan salla.

"Wannan shafin fa?" ya tambaya.

"Na ma'auni ne. Ka ga, motar har yanzu da awon Amurka take aiki. Su da mil suke auna hanya, mu da kilomita. Danna na ƙasan."

Ya danna. Zafin gari ya faɗo daga ɗari da huɗu zuwa arba'in. Muhsina ta ce sittin ɗin da yake taƙama da shi kusan ɗari ne, ta kama dariya. Malam ya fara taya ta, sai dariyar ta yanke masa. Ya koma shafin da yake ajiye awonsa. Inda hamsin da uku take, yanzu tamanin da biyar ce zaune.

Ya mayar da shi awon Amurka, hamsin da uku ta dawo. Ya sake dannawa, tamanin da biyar. Sau huɗu yana yi.

"Muhsina, wanne ne gaskiya a ciki?"

"Duka gaskiya ne, Baba. Hanya ɗaya ce, ma'aunin ne daban."

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana ɗalibi. Ya tuna mil ma yana cikin littafin da yake karantarwa, arba'in da takwas, kuma hamsin da uku ta haura shi. Ko ta ina aka auna, tsohon da ya bi hanyar da jaki shi ne da gaskiya. Wata zuciyar ta ce masa ya mayar da allon yadda yake, wa zai sani? Ya dubi 'yarsa, ya ga ta riga ta gane, domin ita ma an taɓa kai ta ta ga hamsin da ukun.

Da ya sauke ta a Ajingi bai koma gida ba, Balan ya nufa, a hankali wannan karon. Ya tarar an idar da la'asar, Goni yana zaune a ƙofar masallaci shi kaɗai, dattawa sun yi nasu gungun a gefe. Malam ya yi sallama ya ce duk su taso. A bainar jama'a ya yi ɓarnar, don haka a bainar jama'a ya buɗe ƙofar motar ya nuna musu lambobin biyu, ya yi bayani bai rage komai ba.

"Ni na yi kuskure, Goni ne da gaskiya. Goni, ka yafe mini."

Goni Zunnuraini ya tattara babbar rigarsa ya zauna a kujerar direba, ya ƙura wa allon ido.

"Wanne ake dannawa?"

Malam ya nuna masa. Goni ya danna da kansa, ya ga hamsin da uku ta zama tamanin da biyar. Ya ɗora yatsa a kan lambar ya daɗe bai ɗauke ba.

"Malam, kana tsammanin fushi ne ya hana ni zuwa Gaya?" ya ce a hankali. "Ban yi fushi ba. Yarda na yi da kai. Mako uku ke nan ina lissafin sallolin da mahaifina ya rage a hanyar nan cikin shekara arba'in, ina roƙa masa gafara. Na kasa zuwa in zauna a gaban littafi ne kawai."

Malam Dalhatu ya tsuguna a bakin ƙofar motar, hawaye suka zubo masa a gaban mutanen Balan, bai ko share ba.

Goni ya goge gilashin allon da bakin hannun rigarsa, inda yatsansa ya bar shaida.

"A bar ta a kan wannan awon," ya ce. "Kuma ka gaya wa Rabi ranar Alhamis ta rage sukari."